Waken da Dakta ya bari a gonarmu

Assalamu alaikum. Na daɗe ina so in rubuta labarin nan ban samu zama ba, abinda ya zaunar dani yau kuwa wani ɗalibina ne ɗan aji uku ya tare ni bayan lakca yace Malam ni fa so nake wata rana in zama VC, wato shugaban jami'a, ta ina ake farawa? Na bashi amsa a tsaitsaye dan ina sauri, amma da na koma gida sai naji raina bai kwanta da abinda na faɗa masa ba, saboda amsar tana da tsawo, kuma ni dai tawa hanyar daga gonar Babanmu ta faro.

Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari, ƙasar rairayi, gero da wake da riɗi da zoɓo sune namu. Duk wanda ya tashi a yankin nan yasan muguwar ciyawar nan wuta-wuta, wasu suce ƙuduji. Tana kama saiwar wake tun a ƙarƙashin ƙasa tana tsotsa, kafin ka ganta ta leƙo waje ta riga ta gama ɓarna, ganye yayi rawaya wake ya tsugunna ya ƙi gaba. Irinta kamar ƙura yake dan ƙanƙanta, kuma yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 yana jiran ka shuka. Akwai wani gefe a gonar Baba da ta cinye gaba ɗaya, har ya daina wahalar da kansa a wurin.

Daminar 1997 ina aji biyu a ƙaramar sakandare wata farar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan dagaci, malamin gona ya fito da wani baƙo siriri mai tabarau, akace Dakta ne mai bincike daga wata cibiyar noma, yana neman wanda zai ara masa ɗan fili ya gwada irin wake. Wallahi kowa ya noƙe, dan ana raɗe-raɗin in gwamnati ta kafa turke a gonarka to ta tafi kenan. Baba ne yace to ga wancan gefen da ya gagare ni, in za ka iya da shi bismillah. Sai mutumin ya washe baki yace Malam ai irin wurin nake nema, inda wuta-wutar tafi yawa. Mutane suka bishi da kallo.

Abinda na fara lura dashi shine baya tsayawa a bakin gona ya nuna da yatsa. Ya cire takalmi ya naɗe ƙafar wando, ya ja igiya da awo, ya yanka wurin ƙanana-ƙananan fegi, kowanne kunya huɗu, kowanne da turkensa da lamba a jikin guntun langa-langa. Iri ɗaya sai ya shuka shi wuri uku a warwatse, nace ranka ya daɗe me yasa ba a haɗa su wuri ɗaya ba, yace saboda in wani yayi kyau in sani ko irin ne mai kyau ko kuwa sa'ar ƙasa mai taki yayi. Wannan shine darasina na farko a bincike kuma har yau shi nake fara koyawa ɗalibai.

Ya ɗauke ni aikin ƙirga, murtala ɗaya a wuni. Ina da littafi da fensir, in bi kunya-kunya in ƙirga wuta-wuta nawa ta fito a kowane fegi, ranar da wake ya fara fure in rubuta, in ya zuba 'ya'ya in ƙirga kwanso a gindi goma. Wata rana rana ta buɗe sosai ga yunwa, saura fegi biyu, sai kawai na kalla da ido na rubuta lamba. Da yazo ranar Asabar ya duba littafin ya daɗe akan shafin, bai ce min komai ba ya tafi fegin ya durƙusa ya ƙirga da kansa ina tsaye ina kallo, ya kusa awa ɗaya. Da ya taso yace yaro zo, lambar nan da ka rubuta daga nan Kano za ta, daga can a zuba ta da sauran, in ƙarya ce za a iya zaɓar irin da bashi da amfani a rabawa manoma irin Babanka su yi asarar damina guda, in ka gaji ka bar wurin ba rubutu kace min ka gaji, wannan ba laifi bane. Bai kore ni ba, bai kuma faɗawa Baba ba. Kunyar da naji ranar har yanzu in na tuna sai naji ta a jikina, kuma tun daga ranar ban ƙara rubuta lambar da ban ƙirga ba.

Damina uku yayi yana zuwa. A cikin irin da ya gwada akwai wani fari mai ɗan girman ƙwaya da wuta-wuta bata iya kama shi, ga shi yana nuna da wuri kafin ruwa ya ɗauke. Da zai rufe gwajin ya bar wa Baba kwano biyu, Baba ya raba wa maƙwabta da kaka ta zagayo, kafin kace me sunansa ya zama ɗan Dakta a ƙauyukan wajenmu. A takarda wata doguwar lamba ce sunansa, amma a kasuwar Maigatari ran Alhamis in kace ɗan Dakta mutanenmu sun gane.

Dakta ne ya cewa Baba kar a bar yaron nan ya tsaya a sakandare. Baba ya sayar da ɗan bijimin da yake kiwo na shiga jami'a na karanta aikin gona shekara 5, na yi bautar ƙasa, sai Allah ya taimake ni na fito daidai lokacin da ake ɗibar sabbin malamai, dan a 2011 gwamnatin tarayya ta buɗe sabbin jami'o'i a jihohin da basu da su, ciki har da ta Dutse da ta Dutsin-Ma da ta Kashere, tsofaffin ma suka rasa mutane suka shiga cike gurbi. Na samu wuri a wata jami'a a nan arewa a matakin can ƙasa.

To ga abinda mutanen gari basu sani ba game da aikin nan. Tsani ne mai hawa bakwai. Kana farawa ne kana ɗan taimakon manya da digirinka na farko, in kayi mastas ka zama mataimakin lakcara, sai lakcara na biyu, sai na ɗaya, sai babban lakcara, sai mai bi wa farfesa, sannan farfesa. Tsakanin kowane hawa da na gaba yawanci sai kayi shekara 3, kuma shekarun kaɗai basa kai ka, sai ka nuna takardun binciken da ka wallafa a mujallun ilimi, in ka kusa sama ma sai an tattara su an aika wa wasu farfesoshi a wasu jami'o'in da baka san ko su waye ba su auna. Ba PhD kuwa, wato digiri na uku, akwai inda za ka tsaya cak. Mu 'yan noma namu yafi tsauri saboda ɗakin gwajinmu gona ce, sau ɗaya ake damina a shekara, kuma ba mai yarda da sakamakon damina ɗaya, sai biyu ko uku. Shi yasa fitar da sabon iri ɗaya yakan ci kusan shekara 10. In kaji ana cewa SAMPEA ko SAMNUT ko SAMSORG, irin wake da gyaɗa da dawa kenan da suka fito ta Samaru a Zariya, wurin da ake binciken noma tun 1922, kowace lamba a jikinsu ƙuruciyar wasu mutane ce ta tafi a ciki. Waken nan SAMPEA 20-T mai jure tsutsar fure da aka saki ƙarshen 2019, Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa sun kusa shekara 10 suna gwada shi kafin ya isa hannun manomi.

Nawa PhD ɗin a gida nayi. Abokaina da yawa TETFund, asusun gwamnati na tallafawa manyan makarantu, ta tura su Malesiya da Ingila, wasu sun dawo wasu sun samu wuri can sun zauna, ni bana ganin laifin kowa, wanda ya taɓa aiki a inda wuta bata ɗaukewa kuma duk abinda ya nema a ɗakin gwaji yana nan, dawowa ba ƙaramin abu bane. Ni dai matsalar da nake son bincika a gonarmu take, sai na kafa gwajina a daidai gefen da Dakta ya kafa nasa. Damina ta farko lafiya. Ta biyu saura kwana 8 in fara tsinka, da daddare awaki suka fasa shinge suka shiga. Da asuba ƙanina ya taso ni, na je na tarar da fegi goma sha ɗaya sun zama karmami, turaku a zube. Na zauna a ƙasa na rasa abinda zan ce, shekara guda ce ta tafi, ga kuɗin taki da na leburori duk daga albashina suka fita, ga mai ɗakina da tsohon ciki. Baba yazo ya tsaya ya daɗe yana kallo, bai nemi sanin awakin waye ba duk da ya sani, sai ya sunkuya yana tsintar turakun ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗe musu ƙasa, ya ɗaure su da igiyar kaba ya ɗora a kafaɗa yace tashi mu tafi, na baɗi ne. Ya kai su ƙarƙashin rumbu ya ajiye inda gara ba za ta ci ba.

Bayan na gama aikin gona kuma kundin binciken ya kwanta a teburin wani babba wata 9 ba a buɗe ba, kullum in naje sai ace an tafi taro. Ba zan faɗi ko waye ba kuma na yafe, daga baya ma da na ga yawan ɗaliban da aka jibga masa da kwamitocin da yake ciki na rage jin haushi, amma na ɗaukar wa kaina alkawari aikin ɗalibi ba zai wuce sati 3 a hannuna ba. Shekara 7 na kwashe kafin a kira ni Dakta. Baba bai gani ba, ya rasu saura wata huɗu in kare kundin, Allah ya jiƙansa da rahama ya sa ya huta. Inna kuwa da yake ni ɗan fari ne bata taɓa faɗin sunana ba, duk zuwan da zanyi sai tace wai kai karatun nan naka bashi da ƙarshe ne? Ranar da na kawo mata takardar ta riƙe da hannu biyu ta juya ta, tace to Alhamdulillahi, sai ta tashi ta shige ɗaki, ƙanwata ce ta faɗa min kuka taje tayi.

Yanzu maganar VC da yaron nan ya tambaya. Kujera ce mai girma kuma manyan mutane sun zauna a kanta, Ishaya Audu likitan yara ne bai cika shekara 40 ba ya karɓi jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1966 ya riƙe ta har 1975, Iya Abubakar masanin lissafi ya gaje shi, Ango Abdullahi da yazo daga baya ɗan fanninmu ne na noma. A Kano Mahmud Tukur ne na farko da Bayero ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Attahiru Jega shi da ya jagoranci ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU a zamanin soja har aka tsare shi, shi ne kuma ya dawo ya shugabanci Bayero daga 2005 zuwa 2010 kafin a kai shi hukumar zaɓe, wanda ya gaje shi Abubakar Rasheed daga baya ya riƙe hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa. A maƙwabtanmu ma Abdou Moumouni da jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, mai binciken hasken rana ne tun ana ganin abin kamar wasa, kuma ya shugabance ta. To amma duk waɗannan da wani aiki aka fara saninsu kafin kujerar tazo. Yau a jami'o'in tarayya wa'adi ɗaya ne shekara 5 ba ƙari, ana buga talla a jarida farfesoshi su nema, majalisar gudanarwa ta tantance tayi musu intabiyu ta zaɓa.

Dakta namu, wanda a lokacin ya daɗe da komawa koyarwa ya zama farfesa, ya taɓa nema sau ɗaya. Ya kai har intabiyu bai samu ba. Naje masa jaje ina ta kame-kame, yace kai bari, na ji ciwo kwana biyu ba zan ɓoye maka ba, dan ina da abinda naso in gyara, amma ka duba wanda duk ya hau, da safe maganar dizal da ruwan hostel, da rana baƙi masu ɗauke da 'yar takarda daga manya ana neman admishan, da daddare waya akan albashi, shekara 5 ƙafarsa ba za ta taka gona ba, in ya sauko kuma fannin ya wuce shi. Ni ra'ayina a nan shine muna yi wa kanmu asara, mun mayar da ofis shine kaɗai ladan mai ƙoƙari, sai mu cire gwanin bincike daga inda yafi amfani mu bashi fayil, wanda ya zauna a gona ko ɗakin gwaji shekara 30 kuma ba mota ba suna, a taron biki ma a baya ake zaunar dashi. Shugabanci nagari ana buƙatarsa sosai, na gani da idona yadda shugaba ɗaya mai tsoron Allah yake tada jami'a, amma ya kamata ace akwai wata hanyar girma banda wannan.

Duk da haka akwai ranar da kujerar nan tayi min amfanin da ba zan manta ba. Autarmu ta gama sakandare da sakamako mai kyau, Baffa ƙanin Baba yace aure za a yi mata, jami'a ba wurin 'ya mace bane. Nayi magana har na gaji. Ana cikin haka a 2016 aka naɗa Farfesa Fatima Batul Mukhtar shugabar jami'ar tarayya ta Dutse, Bakanuwa, ita ma fannin tsirrai ta karanta. Na samu Baffa a gindin darbejiya bayan la'asar na nuna masa hotonta a waya da lulluɓinta, nace Baffa duk farfesoshin Dutse maza da mata a ƙarƙashin baiwar Allahn nan suke. Da ace na kawo masa misalin Grace Alele-Williams da ta karɓi jami'ar Benin a 1985 cewa zaiyi ai su can daban, amma wannan tamu ce a cikin jiharmu. Ya karɓi wayar ya kalla ya daɗe, yace to a bari ta gwada shekara ɗaya mu gani. Yau ta gama, tana da aurenta da ɗanta kuma tana mastas.

Yajin aikin malaman jami'a na 2022 daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 ba albashi, na kwashe iyalina muka dawo ƙauye. Na ga abokan aiki sun sayar da mota, na ga wanda ya sayar da littattafansa, wasu da suka fita a lokacin har yau basu dawo ba. Ni gonar Baba ce ta riƙe ni, na koma na kama fartanya da hannuna, da kaka muka zuba waken a buhun nan mai ruɓi uku da ake cewa PICS, leda biyu a ciki buhu a waje, ka matse iska ka ɗaure kowanne daban ƙwaro ya rasa numfashi ya mutu, ba fiya-fiya ba ƙwayar bom. Shima aikin masu bincike ne na jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na nan Afirka, amma matan ƙauyenmu da suke ɗaure shi ba wadda ta taɓa jin sunan ko mutum ɗaya a cikinsu. Da wake yayi tsada muka fitar muka sayar, da shi na biya wa yara kuɗin makaranta.

Bara Dakta namu, wato Farfesa, ya kira ni, yanzu saura kaɗan ya cika 70 ɗin da farfesa ke ritaya. Bayan gaisuwa yayi shiru kaɗan sannan yace wai waken nan da na bar wa Malam, ko akwai sauransa a wajenku? Ashe wanda ya ajiye a ɗakin sanyi na inda yake, wuta ta daɗe tana wasa injin ya lalace ba a gyara ba, da ɗalibarsa ta ɗebo za ta yi aiki dashi ko ɗaya bai tsiro ba. Nace Allah ya gafarta Malam bari in tambayi Inna. Da naje na faɗa mata ko amsa bata bani ba ta shiga ɗaki ta jawo wani tsohon tulu daga ƙarƙashin gado, bakinsa a liƙe da laka, ta fasa, wake ne cakuɗe da toka. Ashe tun ran da Baba ya karɓi kwano biyun nan duk shekara ita take ware na iri, a gefe guda take sa a shuka mata shi kar ya gauraya da na gida, ta zauna ta tsince ƙwaya-ƙwaya ta zubar da duk wanda kalarsa ko girmansa ya saɓa. Wake kuma da yake furensa kansa yake yi wa barbara bai cika canzawa ba in dai ba a cakuɗa shi ba. Sama da shekara 20 tana wannan ba wanda ya sa ta.

Ta auna kwano biyu cif ta ɗaure a leda. Farfesa ya bani kuɗi in kai mata, tace mayar masa, kace masa aro ya bamu mun dawo masa da abinsa, ka kuma gaishe shi da iyali. Na kai masa har gida, ya zazzage a faranti ya saka tabarau yana juya su da yatsa ɗaya-ɗaya, can yace shine, ka ga ɗan baƙin idon nan. Ya ƙirga ƙwaya 100 ya shuka a jiƙaƙƙen yashi a cikin tire a barandar gidansa. Kwana 6 bayan nan da sassafe ina shirin fita lakca wayata tayi ƙara, ko sallamar kirki bai gama ba yace 91 sun fito, ka faɗawa Inna.